Tumunin Inna

Ni 'yar fari ce, shi ya sa Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, idan kuma da baƙi ta ce "yarinyar nan". Haka ake yi a gidajenmu na cikin birnin Katsina: uwa tana kunyar ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa, ko faɗuwa ya yi a gaban mutane sai dai wata ta ɗaga shi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. Can nake kwana, can nake cin tuwo, ita ke yi mini kitso tana ranƙwashina in na motsa. Ƙannena biyu da suka biyo ni duk sun koma tun suna goye, kuma Allah ya yafe mini, har su sai da na yi wa ƙyashi, don na ga yadda Inna ke rungume su.

Ban taɓa jin haushinta ba, kallonta kawai nake yi. In na zauna a bakin ƙofar Kaka ina hango ta tana tankaɗe, ko tana tsintar shinkafa, ko tana ɗinkin hula a gindin bishiyar bedin da ke tsakar gida. Wannan kallon ya ishe ni a lokacin, don ban san ana iya raba mutum da shi ba.

Baba kafinta ne. Da guminsa ya sayi fili kusa da Ƙofar 'Yandaka ya gina gidanmu: zaure, ɗakuna uku, madafi da rijiya. Ya rasu da farkon damina, zazzaɓin kwana huɗu, a shekarar da sojoji suka yarda za su koma bariki su miƙa wa farar hula mulki. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina shirin shiga aji biyar.

Inna ta shiga takaba. Ta ajiye kwalli da lalle da turare, ta ɗaura wani tsohon zane mai duhu. Gari kuwa ya ɗauki hayaniyar zaɓe, motoci masu lasifika suna ratsa unguwa tun hantsi har la'asar. Matan maƙwabta suka yi ta fita jefa ƙuri'a, abin da yawancinsu ba su taɓa yi ba, su dawo suna nuna wa juna tawadar babban yatsa suna shewa. Inna ko zaure ba ta leƙa ba. Ni kuwa, in zan faɗi gaskiya, takabar nan ta yi mini daɗi ta wani ɓangare: ba biki, ba suna, ba zuwa ganin gida, duk lokacin da na ɗaga ido tana nan.

Wata safiya mata biyu na maƙwabta suka shigo ɗiban ruwa a rijiyarmu. Ina tsugune ina wanke kwanuka, sun ɗauka kunnena ma yana cikin ruwan wanke-wanken.

Ɗayar ta ce, "Wata huɗu da kwana goma ai kamar gobe ne. Tana wankan fita 'yan'uwanta za su zo su tahi da ita Batagarawa."

Ɗayar ta ja guga ta ce, "Sai fa in kasonta na gidan ya taka kara ya karya, ta zauna cikin abinta. Tsakaninta da surukarta, ai mai babban kaso ita ke da gida."

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce ya faɗi. Sai a ranar na san Inna na iya tafiya, kuma ni ba za a bar ni in bi ta ba, don 'yar gidan ubana ce. Tun daga lokacin ba abin da nake son ji a duniya irin kason Inna.

Bayan sadakar arba'in limamin unguwa ya zo, suka zauna a zaure shi da Baffa, ƙanen Baba. Kaka da Inna suna daga ciki a jikin bango suna saurare. Ni aka aika da ruwan sha, na ajiye kwanon na laɓe a bayan ƙyaure. Liman ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce:

"Matar mamaci tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai ɗiya. Mahaihiyarshi tana da sudusi, ɗaya cikin shidda. Ɗiya tilo tana da rabi. Abin da ya saura na ɗan'uwanshi ne. Awo kuwa sai an fita takaba."

Ban tsaya jin sauran ba. Takwas na Inna, shida na Kaka! Ko ɗan aji ɗaya ya san takwas ta fi shida. Nawa kason ban ko waiwaye shi ba. Rabi na san shi, kullum ana aikena sayen rabin mudun gero, amma ban taɓa haɗa shi da wata lamba ba, balle in gane danginsu ɗaya da tumuni. Abin da na riƙe kawai shi ne Inna ta fi Kaka da biyu, saboda haka ita ke da gida, ba inda za ta.

Na yi fiye da wata guda ina tafiya kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Har na tsara yadda za a yi: Inna za ta zauna a ɗakinta, Kaka kuma za mu bar mata nata, don ni ba mai rowa ba ce. Na fara yi wa tsohuwar nan kallon tausayi, in ta ranƙwashe ni sai in yi murmushi in ce a raina, yi abinki, baƙuwa. Ta rasa gane kaina, har ta ce wa Baffa a nemo mini rubutu, mutuwar uba ta taɓa ni. Ban gaya wa kowa lissafina ba. Na ajiye shi ina jiran ranar da za a yi awo, in ga fuskar matan rijiya.

Aka koma makaranta. Malaminmu na lissafi wani dogo ne siriri daga unguwar Gobarau, kullum a kan keke, ya maƙale ƙafar wando da maƙalin shanya. Ajinmu cike yake maƙil, wasu a benci, wasu a ƙasa, masu surutu irina kuma a gaba dab da allo inda bulala ke kaiwa. A satin da rediyo ke ta shelar an rantsar da sabuwar gwamnati muka shiga lissafin kashi-kashi, wanda mu yara muka raɗa wa "bisa-bisa", saboda ɗaya bisa biyu, ɗaya bisa uku. An yanke gero a lokacin, sai Malam ya ce kowa ya zo da kara biyu masu tsawo ɗaya, da reza.

Kafin mu taɓa karan ya rubuta lambobi biyar a allo: ɗaya bisa huɗu, ɗaya bisa takwas, ɗaya bisa biyu, ɗaya bisa shida, ɗaya bisa uku. Ya ce wa zai jera su daga babba zuwa ƙarami. Na ɗaga hannu har ina tashi tsaye. Na karɓi alli na fara da ɗaya bisa takwas, na bi da ɗaya bisa shida, na gangaro. Fiye da rabin aji suka ce daidai ne, ni kuma na koma na zauna ina hura hanci.

Malam ya kakkaɓe hannu. Ya ce, "To, ga hura ƙwarya guda. A wani gida mutum shidda za su sha, a wani gida mutum takwas. Wane gida kike so a gayyace ki?"

Wata mai kwaɗayi daga baya ta ce, "Na shidda, Malam!" Aji ya fashe da dariya.

Na ce, "Ai takwas ta fi shida."

Ya ce, "Ta fi. Masu sha ne suka fi yawa, ba hurar ba. Lambar ƙasa ba abin da aka ba ki take faɗi ba, gida nawa aka raba abin take faɗi. Duk yadda ta ƙaru, kason kowa raguwa yake. Ku ɗauko kara. Ɗaya ku raba shi shidda, ɗaya takwas, kuma kowane guntu ya yi daidai da ɗan'uwanshi."

Tun yana maganar furar na gane. Abin ya shige ni lokaci guda, amma na ƙi yarda. Na raba karan farko gida shida yadda ya ce. Da na zo na biyu sai na yanke guntu ɗaya dogo, na daddatsa sauran bakwai ƙanana-ƙanana, na tura su ƙarƙashin cinyata. Na ɗora dogon kusa da guntun shida, ya ɗara shi da kusan yatsa biyu. Malam yana zagayawa ya zo kaina, ya duba, ya ce in fito da sauran bakwai ɗin. Na fito da su. Ya jera su a kan benci, ga su nan tsirit-tsirit kusa da yayansu.

Ya ce, "Wannan ba rabo ba ne, son kai ne. In ba su yi daidai ba, ba ɗaya bisa takwas kika yanka ba."

Na miƙa hannu ina jiran bulala, ko ta ba ni dalilin kuka. Bai buge ni ba. Kukan ya zo da kansa, irin mai sheƙa wanda ba ya tsayawa, 'yan aji suka yi tsit suna mamakin yadda kara zai sa mai baki irina kuka.

Da aka kaɗa ƙararrawar tara ya ce in tsaya. Ya zauna a bakin teburinsa, ya dube ni ya ce, "Ke ce ɗiyar kafintan nan da ya rasu da damina?"

Na ɗaga kai.

Ya ce, "Allah shi jiƙanshi, shi ya gyara mamu bencinan ajin nan. Shidda da takwas. Sudusi da tumuni ke nan. Kakarki na da rai?"

Na ce tana nan. Na kwashe duk abin da liman ya faɗi na gaya masa, har da maganar matan rijiya. Bai yi mini dariya ba, kuma bai ce in yi haƙuri ba, abin da na gode masa a kai har yau. Ya jawo gwangwanin da muke tara marafan kwalbar lemo don ƙirga, ya ce in ana son gwada kashin da ba ƙasansu ɗaya ba, sai a nemo lambar da dukansu za su raba ba saura. Muka gwada goma sha biyu, takwas ta ƙi. Muka gwada goma sha shida, shida ta ƙi. Ashirin da huɗu ta karɓi kowa. Ya ƙirgo marfi ashirin da huɗu ya zube a tebur ya ce, "Ga gidanku. Raba."

Na ware rabi, goma sha biyu, nawa ke nan. Na raba gidan shida na ɗauki kashi ɗaya, marfi huɗu, na Kaka. Na raba shi takwas na ɗauki ɗaya, marfi uku, na Inna. Biyar suka rage wa Baffa. Malam ya ce in jera su daga babba zuwa ƙarami, na jera: ni, Baffa, Kaka, Inna. Matar da ta share tsakar gidan nan shekara goma sha uku ita ce ta ƙarshe, kuma marfi ɗaya tak ne tsakaninta da Kaka. Na ƙura wa marfin nan ido ina jin kamar in haɗiye shi.

Can sai na sa hannu na tura goma sha biyun nan nawa suka haɗu da ukun Inna. Na ce, "Malam, yanzu fa?"

Ya ce, "Goma sha biyar bisa ashirin da huɗu. Biyar bisa takwas ke nan, ya wuce rabi. Lissahinki daidai ne. Sai dai ki sani, ba duk abin da ya yi daidai a allo ake yanke hukunci da shi a gida ba."

Wannan jan kunnen ta bayan kunnena ya wuce. Na roƙe shi aron marafan, na ƙulle su a bakin ɗankwalina.

Da la'asar Kaka tana zaune a tabarma tana gyaran zogale, Inna tana bakin madafi tana hura wuta. Na zo na zube marafan a gaban Kaka, na raba su kashi huɗu, na yi bayani da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji. Na ce na ba Inna nawa duka, yanzu ita ke da goma sha biyar, Kaka huɗu, saboda haka ba mai kai ta Batagarawa.

Kaka ta dube ni, ta dubi marafan. Na zaci zagi zan sha, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ja'ira, ashe abin da ke cin ki ke nan. Wa ya ce maki ni zan kore ta? Ko gidan duka nata ne, iyayenta sai sun zo sun ɗauki ɗiyarsu. Ko talatin ba ta yi ba. So kike ta tsuhwa tana gadin bango da ni?"

Na ce, "To ni ma a tafi da ni."

Ta ce, "Ke kuma ke kaɗai ɗana ya bar mani. Ga makarantarki, ya ce ko bayan ranshi kar a cire ki."

Na juya wajen Inna. Sau ɗaya a rayuwata na so ta karya kunyar nan ta ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Ba ta ɗago ba. Ta gyara itace a murhu ta ce, "Ke, kwashe tarkacen nan ki zo ki tankaɗe gari." Na kwashe, na tankaɗe, hawaye na ɗiga a cikin garin. Ranar na ji haushinta, karo na farko, kuma na yi kwana uku ban zauna a bakin ƙofar Kaka ba.

Kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah takaba ta cika. Inna ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura sabuwar atamfar da aka aiko mata daga gida. Ta yi kyau har na kasa kallonta. Washegari da hantsi Kawu, yayanta, ya iso daga Batagarawa da motar a-kori-kura. Liman ya zo, Baffa ya zo da wani magini riƙe da igiyar awo. Suka zauna a zaure, Baffa ya ce ya shirya ya fanshi tumuninta yau ɗin nan, ta tafi da haƙƙinta a hannu, kada a bar nauyi a kan mamaci.

Inna ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukanta ba. Ranar daga bayan bango ta yi magana, a hankali, amma kowa ya ji.

Ta ce, "A bar shi."

Kawu ya ce, "A bar me? Haƙƙinki ne fa."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ban sayar ba, ban kuma bayar ba. A bar shi haɗe da na yarinyar nan, kar a ja igiya tsakaninsu."

Liman ya ce, "In an yi haka kina nan cikin masu gida ke nan, ko kina Batagarawa."

Ta ce, "To."

Magini ya naɗe igiyarsa. Ina tsaye a gindin bedi ina murna, don na ɗauka ma'anar wannan ta fasa tafiya. Sai na ga ana fitar da gadonta, da kwallayenta, da akwatin ƙarfe. Kafin azahar ɗakin ya zama fanko.

Ta durƙusa ta yi wa Kaka sallama, suka yafi juna suna kuka. Ni ba ta dube ni ba. Ta miƙe har ta kai bakin zaure, sai ta tsaya, ta juyo wajen Kaka ta ce, "Iya, in ba ta da lahiya ba ta faɗi. Sai dai ku ga ta daina surutu. Ku riƙa taɓa wuyanta."

Ni kaina ban san haka nake ba sai da ta faɗa. Duk shekarun da nake zaune ina kallonta daga nesa, ashe ita ma tana yi, sai dai ita ta iya ɗauke ido kafin a kama ta. Na so in ruga in riƙe zanenta. Ƙafata ta ƙi, don ni ma an koya mini kunyar. Ina jin motar ta tashi, ta yi kwana, ƙararta ta yi nisa.

Batagarawa ba nisa, masu keke ma suna zuwa su dawo kafin azahar. Amma bayan shekara aka yi mata aure a wani gari can gaba, ta haifi maza uku, zuwa Katsina ya zama sai da dalili. Sau huɗu ta taka gidan nan kafin ta rasu, kuma duk zuwan sai ta tsaya a zaure ta yi sallama, ta jira an ce ta shigo. A zuwanta na ƙarshe, ina da goyon ɗana na biyu, na ce mata, "Inna, gidanki ne fa." Ta ce, "Na sani," ta karɓi yaron ta yi ta yi masa wasa tana kiran sunansa.

Na tsaya a gefe ina saurare. Yau na girmi Kaka a shekarun da take da su lokacin, jikokina sun cika tsakar gidan, amma har yanzu ina so in ji yadda sunana zai fito a bakin Inna.